Ƙyallen da Ya Ƙi Shiga Layi

Kasuwar Kakuri, Kaduna
5 ga Afrilu, 1999

Ɗan'uwana Malam Benson,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Hadassah da yara, da kuma sanyin nan naku na kan dutsen Gembu. Mu nan lafiya lau. Jiya muka yi Ista, na ci shinkafa har waƙa ta gagare ni a majami'a. Gwiwata ta hagu ce dai take min gardama, ita ma na ce mata ta jira sai bayan Mayu.

Na san za ka ce Irene ba ta tuna mutum sai da dalili. To, da dalilin ne. Kakarka Ladi da kakana Shekari ciki ɗaya suka fito, saboda haka ilimin da ke kanka ina da rabo a ciki, yau kuma na zo karɓa.

Ka san ranar 29 ga Mayu sojoji za su koma bariki. A taronmu na ƙungiyar matan kasuwa aka fara maganar anko, kowace da zanen da take so, har aka kusa cire ɗankwali. Sai na tashi na ce a bar anko. Kowace mace ta yanko ƙyalle daga zanenta, inci shida ta kowane gefe, mu haɗa tuta guda ta ƙyalle 1999, daidai da shekarar. Benson, da ka ji tafi! Ni kaina ban san ina da wannan basirar ba sai da ta fito daga bakina.

Sati uku muna tarawa. Sabon Tasha suka kawo, Trikania suka kawo, matan Gonin Gora masu sayar da doya a bakin titi suka aiko nasu cikin buhu. Wasu sun yanko daga zanen iyayensu da suka rasu. Kowane ƙyalle mun rubuta suna da lamba a bayansa, mun sa a rajista. Ranar da muka cika 1999 na rufe rajista da hannuna, na mayar da mata sama da arba'in da ƙyallensu. Na kuma yi alkawari a gaban kowa cewa duk wanda ya shiga rajista zai shiga tuta.

Ga inda gizo ke saƙar: Monday tela, wanda shagonsa ke bayan nawa, ya kasa jera su. Ya yi layi hamsin hamsin, layin ƙarshe ya rasa ɗaya. Ya yi arba'in arba'in, haka. Ya yi talatin talatin, goma sha tara suka tsaya a gefe suna kallonmu. Ya yi ashirin da bakwai, komai ya zauna cif, sai ƙyalle ɗaya ya rage a hannunsa. Yanzu in ya hango ni sai ya sunkuya ƙarƙashin keke wai allura yake nema.

Ni lissafina na yadi ne da rabin yadi, a nan na tsaya. Kai ne kake koya wa yaran sakandare. Ka faɗa min nawa nawa za mu jera su tutar ta fito da kusurwa huɗu kamar ta mutane. Lamba ɗaya kawai nake so, ba lacca ba. Ka ba direban da ya kawo wannan wasiƙa amsa.

'Yar'uwarka,
Irene

*

Gembu
17 ga Afrilu, 1999

Yaya Irene,

Na karɓi wasiƙarki da murna. Muna lafiya. Hadassah tana gaishe ki, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi, ki kuma rage tsayuwa, ko da yake ta san ba za ki ji ba. Ruwa ya sauka a nan, hanya ta fara lalacewa.

Kin ce lamba ɗaya kike so. Yaya, babu ita. Ki daina tsare Monday, ba laifinsa ba ne.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai, ko ta yaya aka raba su, sai dai da ɗaya ko da kansu. A littafi sunansu firam, ni kuwa a aji ina ce musu masu taurin kai. Bakwai haka take, goma sha uku haka take. Ki ɗauki ƙyalle goma sha uku ki gwada a kan teburinki: biyu biyu, uku uku, huɗu huɗu, kullum sai wani ya rage. A cikin duk lambobin duniya, irin wannan kika je kika zaɓo.

Na san za ki ce ta yaya na sani ban gwada duka ba. Ba sai an gwada duka ba. Arba'in da biyar sau arba'in da biyar ya riga ya wuce 1999, saboda haka in da akwai tsawo da faɗin da za su yi, dole ɗayansu ya gaza arba'in da biyar. Kuma a ƙasa da nan, masu taurin kan kawai za a gwada, su goma sha huɗu ne, daga biyu zuwa arba'in da uku. Na sa 'yan aji biyar suka gwada a allo. Da bakwai, saura huɗu. Da goma sha ɗaya, saura takwas. Da goma sha uku, saura goma. Da talatin da bakwai, saura ɗaya tak, har ajin ya yi ihu. Da arba'in da uku, saura ashirin da ɗaya. Babu wadda ta shiga.

Ki bar ni in ƙara, don rabon da wani daga gida ya tambaye ni abin da na sani har na manta. In aka jera masu taurin kan nan daga farko, taki ita ce ta ɗari uku da uku. Kuma tana da 'yar tagwai: 1997 ma irinta ce, lamba ɗaya ce kawai a tsakaninsu, irin waɗannan tagwaye muke ce musu, kuma yadda ake nisa haka suke ƙara wuyar samu. Bayan taki ba wata sai 2003. Wani yaro ya lura cewa 1979, wancan karon da soja suka ba farar hula mulki, ita ma firam ce, 1983 da suka dawo kuwa tana rabuwa da uku. Ajin ya fara cewa ai alama ce. Na ce su gwada 1993, shekarar zaɓen da aka soke. Ita ma firam ce, kin kuwa san yadda ta ƙare. Lamba ba ta san soja ba.

Shawarata: ki ƙara ɗaya su zama dubu biyu, arba'in sau hamsin. Ko ki cire ɗaya su zama 1998, talatin da bakwai sau hamsin da huɗu, wannan ma ya fi kyan siffa. Ƙyalle ɗaya dai ai ba wani abu ba ne.

Ƙaninki,
Benson

*

Kasuwar Kakuri
2 ga Mayu, 1999

Malam Benson,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, kai ne ya karɓa. Ka gode wa Hadassah, ita ce mai hankalin gidan.

Sati biyu ina leƙa tasha, sai ga wasiƙarka da tagwaye a ciki. Na tambaye ka hanyar Sabon Tasha, ka ba ni tarihin mai mota. Na karanta sau uku. Abin da na gane shi ne ka samu abin koya wa yara kyauta, ni kuma ina nan inda ka same ni.

Ƙyalle ɗaya ba wani abu ba ne? Allah ya sa dai dutse ka hau, ba ƙasar ka bari ba. In ƙara ɗaya, na wa? Mata arba'in da wani abu na kora, har da matar fastonmu. Duk wadda na kira, sauran za su cinye ni ɗanya. Kuma dubu biyu shekarar da ba ta zo ba ce.

Na yi kuskuren karanta wa kwamiti wasiƙarka. Da suka ji talatin da bakwai sau hamsin da huɗu, Monday ya kusa rawa, ya ce gobe zai fara. Sai Nkiruka mai sayar da leshi ta ce, "To Madam Irene, wa za mu cire?" Celina, ita ma 'yar kwamiti, ta ce ai ba wuya, ta ƙarshe a rajista. Aka buɗe rajista. Dije ce.

Ba ka san Dije ba. Tsohuwa ce mai daddawa da kuka, shekara ashirin tana tsallako kogi daga Tudun Wada kullum, tana zama a bakin shagona. Da farko ta ƙi kawowa, ta ce, "Irene, wannan abinku ne na 'yan ƙungiya, ni wa zai sa ni?" Kwana huɗu ina lallashinta. Ranar ƙarshe ta zo da guntun saƙi baƙi, na mahaifiyarta, ta ce shi kaɗai ya rage mata. Shi ya sa ta zama ta ƙarshe. Yanzu kullum da safe kafin ta sauke tire sai ta ce, "An ɗinka nawa?" Ni kuma in ce ana kai.

Na ce a cire nawa. Nkiruka ta ce ko an cire nawa, tutar 1998 ce, bara ke nan, za mu fita titi muna yi wa shekarar soja biki. Gaskiyarta. Na yi tunanin Monday ya ɓoye ɗaya a bayan wani. Amma ka san matan kasuwa: wadda ta ƙirga tumatir a kwando ba za ta kasa ƙirga layi ba, kuma kowace za ta nemi nata.

Ga abin da nake so, kuma kada ka yi min wa'azi. Kwamiti mu bakwai ne, bakinsu ina iyawa da shi. Sauran mata ba su ji wasiƙarka ba. Ka rubuto min takarda da Turanci mai nauyi, ka buga hatimin makaranta, ka ce kai malamin lissafi ka duba ka tabbatar talatin da bakwai sau hamsin da huɗu 1999 ne. Nawa ƙyallen zan zare a ɓoye, na Dije ya shiga. Duk wadda ta yi gardama in nuna mata hatimi. Shekara goma sha biyar sojoji suna karanta mana takarda mai hatimi a rediyo muna cewa to, ɗaya ta ƙarshe ba za ta kashe kowa ba.

Monday ya riga ya fara haɗa layuka. Ka hanzarta.

Irene

*

Gembu
13 ga Mayu, 1999

Yaya Irene,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi, ta warke. Wasiƙarki ta yi kwana tara a hanya, ƙasa ta zube a kan titi wajen hawan dutse, motoci suka tsaya. Ban san ko wannan za ta same ki kafin ranar ba.

Na ji zafin maganar da na yi a kan ƙyalle ɗaya. Ban san Dije ba lokacin. Ki yafe ni.

Takardar kuwa ba zan rubuta ba. Ba don hatimi yana ofishin shugaban makaranta ba, ko a aljihuna yake ba zan buga ba. Ki duba ƙarshen lambobin biyu: bakwai sau huɗu ashirin da takwas ne, amsar dole ta ƙare da takwas. 'Yar firamare da ke taya uwarta tsaron shago za ta kama ki kafin ki ninke takardar, kuma a gaban Dije za a kama ki. Sannan yara arba'in ne suka tsaya a allo suka gwada lambar nan da hannunsu. Da wace fuska zan shiga ajin?

Na sake zama a kanta kwana biyu, ko akwai wata dabara. Babu. Lambar nan hanya ɗaya ta yarda a jera ta ba ragowa ba giɓi: layi guda, ƙyalle 1999 a jere, ɗaya na bin ɗaya. Don in ba kaina dariya na auna. Inci shida shida, in aka cire na ɗinki, zai haura yadi ɗari uku. Faɗinsa tafin hannu, tsawonsa filin ƙwallo uku. Wannan ba tuta ba ce, igiyar shanya ce. Sai dai ki nemo rabin Kakuri su riƙe miki.

Ban yi miki amfani ba, na sani. In kin ga dama ki faɗa wa matan gaskiya, ki ce ƙaninki ne ya ce lambar ba ta rabuwa, su zage ni, ina nesa.

Ƙaninki,
Benson

*

Kasuwar Kakuri
1 ga Yuni, 1999

Ƙanina Malam Benson,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata ƙaramar ta murmure sarai. Mu nan lafiya, sai muryata da ta tafi tun ranar Asabar ba ta dawo ba, shi ya sa kasuwa ta yi shiru.

Wasiƙarka ta iso ranar 22, saura sati ɗaya. Kafin nan na riga na zage ka a zuciyata har zuwa kan kakarka, Allah ya ji ƙanta. Na karanta a tsaye. Da na zo wajen igiyar shanya na yi tsaki na jefa ta a kan leshi. Sai na sake ɗauka na karanta layin da ke biye. Rabin Kakuri? Benson, kai a wajenka wannan abin dariya ne. Ni rabin Kakuri suna cikin rajistata, da suna da lamba.

Na zagaya bayan shago na ce, "Monday, warware." Ya riga ya haɗa layi talatin da ɗaya. Ya cire tabarau ya ce, "Mama, me na yi miki a duniya?" Na ce ba komai, warware. Na tara teloli goma sha ɗaya na layinmu, kowa na ba shi kasonsa bisa lambar rajista, ɗaya na bin biyu, biyu na bin uku, don kowace mace ta san inda za ta sami nata. Muka sa wa dogon layin farin yadi a baya don kada ya yage. Kwamiti kuwa na ce musu ai tun farko haka na tsara, ina jira ne malamin lissafi ya tabbatar daga Gembu. Nkiruka ta kalle ni ta ce, "Madam Irene, ki ji tsoron Allah." Na ce ina ji, ɗauki almakashi.

Ranar Asabar da hantsi muka warware shi daga bakin kasuwa. Ban ƙirga matan da suka zo ba, sun fi ɗari shida. Kowace tana bin layi tana kiran lambarta, in ta samu sai ta kama ta yi guɗa. Inci shida ba ya ɗaukar mace guda, balle irinsu Celina, saboda haka aka riƙe ta gefe biyu, wasu suka riƙe wa 'yan unguwarsu da ba su zo ba. Matan nan arba'in da na kora ma na ce su zo su tallafa inda ya yi ciki. Matar fasto ta riƙe na wata mai kifi daga Trikania kamar nata.

Na ɗaya nawa ne, ni ce a gaba. Ka ga ke nan ban ga Dije ba, tana can yadi ɗari uku a bayana. Abin da zan faɗa maka yanzu Nkiruka ce ta ba ni, ita ce kusa da ita.

Za mu filin makarantar firamare, dole mu tsallake babban titi. Ni na tsallake, na shiga fili, har an ba ni ruwa, wutsiyarmu ba ta bar kasuwa ba. Motoci suka tsaya ta kowane gefe. A gaban layin akwai babbar motar soja cike da kaya. Ka san a da, ko jiniya ba sai sun yi ba, da kanmu muke faɗawa kwata da tirenmu. Direban ya danna ham sau ɗaya. Babu wadda ta saki. Ba jarumta ba ce, in ka saki ƙyallen uwarka ya faɗi a kwalta wa zai ɗaga maka? Ya sake dannawa. Sai ya kashe mota, ya sa haɓa a kan sitiyari, yana kallon zannuwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Dije ce ƙarshe, ga tsufa ga ƙafa, ta naɗe bakin saƙin nan a hannu tana tafiya abinta. Da ta zo daidai motar, sojan ya leƙo ya ce, "Mama, saura nawa?"

Ta tsaya a tsakiyar titi, ta gyara mayafi, ta ce, "Ni ce ta ƙarshe, ɗana. In na wuce sai ka tafi."

Ya jira ta wuce.

Ka gaishe da Hadassah da yara, ka gaishe min da 'yan aji biyar. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Irene